Hotunan da na ɗauka a Hawan Daushe sun ƙi fitowa: matsalar kyamara ce ko ta hannuna?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina kallon hotunan da kuke sakawa ina ƙaruwa ba tare da na ce komai ba, amma yau dole ta sa na buɗe baki, domin na dawo daga Hawan Daushe na Kano da hotuna sama da 400 a memori, kuma da na zauna na duba su a kwamfuta ban samu guda goma da zan iya nuna wa mutane ba.

Kyamarar Nikon D3200 ce, na saye ta ta hannu watanni bakwai da suka wuce tare da gilashinta na asali mai 18-55mm. Hotunan suna da na walimar saukar ƙannena duk da ita na ɗauka, kuma sun yi kyau gwargwado, shi ya sa na tafi hawa da ƙwarin gwiwa. Na isa filin Ƙofar Kudu tun bayan Azahar, na samu wuri a ɓangaren gabas kusa da inda dawakai suke wucewa, na bar kyamarar a kan koriyar alamar nan da take zaɓar komai da kanta, domin ina tsoron kada in taɓa wani abu in ɓata.

Ga guda huɗu na saka don ku duba. Na farko wani hakimi ne da shuɗiyar alkyabba mai aikin zare ruwan zinariya, wadda da idona na ga tana walƙiya, amma a hoton fuskarsa da alkyabbar sun yi baƙi ƙirin, sama kuma ta yi fari fat. Na biyu wani mahayi ne a kan akawal. Dokin ya fito sosai, sai dai rawanin ya zama farin dunƙule kawai, babu naɗi, babu kunnuwa biyun da aka fitar, babu amawali. Na uku shi ya fi ba ni takaici, domin lokacin jahi ne, gab da Magariba, dawakai huɗu sun taho a sukwane, amma duk sun yi dishi-dishi, ga wasu fararen ƙwallaye sun cika hoton. Na lura filashar kyamarar ta ɗago da kanta a lokacin, kuma bayanan da ke jikin hoton sun nuna 1/60, f/5.6, a 55mm. Na huɗu wata ƙaramar yarinya ce da lalle a hannu, mahaifinta ya ɗora ta a kafaɗa tana nuna laimar Sarki, kuma shi kaɗai ne ya fito tas.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne abokina da muka tsaya tare da wayarsa ya ɗauka, kuma hotunansa sun fi nawa haske da launi nesa ba kusa ba. Tambayata ita ce: wannan kyamarar ta tsufa ne har ba za ta iya aikin hawa ba, in sayar da ita in cika kuɗi in sayi wata, ko kuwa akwai abin da ban sani ba? Ina roƙon duk wanda ya san abin ya yi mini bayani dalla-dalla, domin ina son in kama hawan Babbar Sallah da kyau idan Allah ya kai mu.

Tsohon Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayar da kyamararka. Na shekara da yawa ina ɗaukar hawa da fim mai ɗauka 36, wanda sai an kai ɗakin wanki sannan mutum ya san abin da ya samu, kuma da a lokacin wani ya miƙo mini irin wadda ke hannunka, mai megafiksel 24, da na ɗauka kyauta ce daga sama. An fitar da ita a 2012, gaskiya ne, amma doki bai ƙara gudu ba tun daga wancan lokaci, rana ma ba ta canza hanyarta ba.

Zan fara da wurin tsayuwarka, domin shi ne ya kashe hoton farko tun kafin ka danna. Hawan Daushe na yamma ne. Sarki yakan je Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar Sarki, gaisuwa, sannan ya zagayo ya iso Ƙofar Kudu rana ta riga ta yi sanyi ta karkata yamma. Kai kuma ka tsaya a gabas, ke nan kana fuskantar rana ido da ido, duk wanda ya wuce ta gabanka inuwarsa ce take kallonka. Da ka tsaya a ɓangaren yamma, rana tana bayanka ko tana gefen kafaɗarka, da hasken ya sauka a kan alkyabbar nan ya fito da zaren ɗaya bayan ɗaya. Ni kafin ranar hawa nakan je filin a daidai lokacin da za a yi, in tsaya in ga inda inuwata take faɗuwa, in zaɓi wuri tun babu kowa.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne a kan ya mayar da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici. A hotonka na farko ta ga sama mai haske ta cika rabin fili, sai ta rage haske don ta mayar da saman toka-toka, fuskar hakimin ta tafi cikin duhu. A na biyu ta ga baƙin doki ya cika fili, sai ta ƙara haske don ta ɗago shi, rawanin ya ƙone. Kuskure ɗaya ne ya fito ta fuska biyu. Hawa kuwa wuri ne da fari da baƙi suke haɗuwa a taku ɗaya: farin rawani a kan baƙar fata, farar riga a kan akawal, jan dogarai da korensu a tsakiyar ƙura. Idan dole sai ɗaya ya sha wuya, ka ceci farin, domin wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi daga baya, amma wurin da ya ƙone babu abin da ya rage a cikinsa da za a dawo da shi.

Yanzu ga maganar dishi-dishi. Ka ɗauki cikin kyamara kamar ɗaki mai ƙofa da ƙyaure. Lambar da take farawa da f ita ce faɗin ƙofar, kuma idan lambar ta yi ƙasa ƙofar ta fi faɗi. Lamba irin 1/60 kuma tsawon lokacin da ƙyauren yake buɗe ne kafin ya rufe. Dokin da ke sukuwa yana iya yin kilomita 40 a sa'a, wato kimanin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Idan ƙyaure ya tsaya a buɗe kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, dokin ya riga ya matsa kusan santimita 18, wajen taƙi guda, kuma duk wannan tafiyar ta shafe a kan hoton. Idan ka kai shi 1/1000, abin da zai matsa bai fi santimita ɗaya da ɗan kai ba, sai ka ga kofato da bakin mashi sun tsaya cak. Ƙafafu sun fi gangar jiki sauri, don haka kada ka sauka ƙasa da 1/1000 idan tsayar da su kake so.

Akwai wani lissafi da muka yi aiki da shi tun ba mu da ma'aunin haske, kuma har yau yana nan daram. A rana tsaka mai haske, da ISO 100 (ISO shi ne gwargwadon yadda kyamara take jin haske), idan ƙofa tana f/16 ƙyaure yana wajen 1/125. Duk matakin da ka buɗe ƙofa, daga 16 zuwa 11, zuwa 8, zuwa 5.6, sai ka ninka saurin ƙyaure, ke nan a f/5.6 ka iso 1/1000 daidai. Wannan na rana tsaka ne. Da La'asar sakaliya, ga ƙurar dawakai ta tashi, hasken zai ragu sau huɗu ko sau takwas, sai ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 don ka cike gurbin. Kuma ka sani a ƙasarmu rana ba ta jinkirin faɗuwa. Daga lokacin da ta yi ja zuwa kiran Magariba ɗan taƙi ne, shi kuwa jahi sau da yawa a cikin wannan ɗan taƙin yake faɗowa.

Fararen ƙwallayen nan kuwa ƙura ce da ke shawagi dab da gilashinka filasha ta haska. Filashar da ke saman kyamararka a ISO 100 da f/5.6 ba ta wuce mita biyu da wani abu ba, ba za ta taɓa kaiwa ga dokin da ke tsakiyar fili ba. Bayan haka, muddin ta ɗago, ƙyauren ba zai wuce 1/200 ba. Ka danne ta ka manta da ita a wurin hawa.

Malamar Zazzau ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, ƙanina. Baba ya gama magana a kan tushen abin, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni irin kyamararka ce a hannuna shekara da shekaru, da ita nake ɗaukar Hawan Bariki a nan Zariya, don haka zan gaya maka inda za ka sa yatsa.

Ka juya maɓallin sama daga koriyar alama zuwa harafin S, inda kai ne za ka zaɓi saurin ƙyaure, ita kuma ta zaɓi faɗin ƙofa. Ka murza ƙaramar tayar baya har ka ga 1/1000. Daga nan ka shiga jerin saituna ka kunna ISO mai hawa da kansa, ka yi masa iyaka a 3200, domin idan rana ta fara faɗuwa ba za ka samu sukunin canzawa da hannu ba. A 3200 hoton zai yi ɗan yashi-yashi, amma hoto mai yashi da doki a tsaye ya fi hoto mai santsi da ba a gane dokin ba. Kusa da maɓallin ɗauka akwai wani ƙarami mai alamar tarawa da ɗebewa. Ka danne shi ka murza tayar zuwa -0.7 a duk lokacin da fararen kaya suke cikin rana, wannan shi ne ceton rawanin da Baba ya ambata. A koriyar alama wannan maɓallin ba ya aiki ko kaɗan, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin barin ta. Akwai kuma wani saiti a wajen duba hotuna da yake sa duk inda ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Ka kunna shi, ka ɗauki mahayin farko da ya wuce, ka duba. Idan rawaninsa yana ƙyaftawa ka ƙara ragewa.

Wajen saita gani, ka mayar da shi AF-C, wanda yake bin abu mai motsi muddin ka riƙe maɓallin ɗauka rabi. Kyamarar tana da ɗigon saiti 11, amma na tsakiya ya fi sauran kamawa, musamman idan haske ya ragu, don haka ka zaɓe shi ka ɗora a ƙirjin mahayi. Idan ka bar mata zaɓi, kan mutumin da ke gabanka ko sandar ɗan doka za ta kama. Ka kuma sa ta a ɗauka a jere, tana yin huɗu a daƙiƙa, wanda ya isa idan ka fara dannawa a kan lokaci.

Game da wayar abokinka, kada abin ya dame ka. Wayoyin yanzu idan an danna sau ɗaya hotuna da yawa suke ɗauka a ƙiftawar ido, wasu masu haske wasu masu duhu, su haɗe su, su ƙara launi, sannan su nuna sakamakon. Wato wayar ta riga ta yi gyaran da kai za ka yi da hannunka a kwamfuta. Ka ce ya turo maka hoton jahi ka buɗe shi a babban allo ka duba ƙafafun dawakan, a nan za ka ga iyakarta. Don ka samu damar gyaran, ka riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, tare da JPEG, hoton da aka saba da shi. JPEG matakin haske 256 kawai yake ajiyewa a kowane launi, RAW na wannan kyamarar kuwa 4096, shi ya sa ake iya ɗago fuskar da ta yi duhu ba tare da ta farfashe ba. Kowane RAW ɗaya yana cin kusan megabayit 20, don haka ka tanadi memori mai faɗi. Don yin gyaran, manhajar NX Studio ta kamfanin Nikon kyauta ce, haka ma darktable.

Na kuma lura hotunan da ka saka sun bi ta WhatsApp kafin su iso nan, domin an matse su kuma bayanan jikinsu sun goge. Da ba ka rubuto lambobin na ukun ba da babu wanda zai san su. Idan dole ta nan za ka tura, ka tura su a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. A kusurwar sama ta hagu a hoto na farko kuma akwai wani ɗan tabo mai duhu da nake zaton ƙura ce a kan sensa, wato faifan da haske yake sauka a kai a cikin kyamara. Ka ɗauki sararin sama a f/22 ka duba. Idan tabon ya fito a wuri ɗaya a kowane hoto, ita ce. Robar hura iska ta masu kyamara za ka nema, kada ka hura da baki, kada ka sa tsumma. A filin hawa kuma kada ka kuskura ka cire gilashi.

Hoto na huɗu yana da kyau ƙwarai, hannun yarinyar da laimar sun yi layi ɗaya kamar an tsara. Amma ina da tambaya a matsayina na uwa: mahaifinta ya san ka ɗauka, kuma ya san za ka saka a inda kowa zai gani? Mahayi ya fito ne don a kalle shi, ya kwana yana shirin haka. 'Yar kallo ba haka take ba. Ni idan na ɗauki yaro ko mace nakan juya allon in nuna wa wanda ke tare da su, in nemi izini, kuma ban taɓa yin nadamar wannan ɗan jinkirin ba, sau da yawa ma sai su ce in ƙara ɗaukar wani.

Badamagare ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Malama, da kai ɗan'uwa mai tambaya. Ni daga Damagaram nake, kuma kafin in riƙe kyamara na yi shekaru ina riƙe linzami, domin gidanmu ana hawa duk Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Duk abin da aka faɗa a sama gaskiya ne, amma da izinin Baba ina da ja a wuri ɗaya.

A cikin hotunan nan huɗu, na uku ne na fi daɗewa ina kallo. Ban ce ya yi daidai ba, filasha ta ɓata shi, kuma komai ya yi dishi-dishi har da abin da bai kamata ba. Amma shi kaɗai ne ya sa na ji ƙasa tana girgiza. Wanda ya taɓa yin jahi ya san a wannan lokacin ba ka ganin komai sarai, sai kunnuwan dokinka da wurin da za ka ja linzami. Jama'a duk sun zama zane-zanen launi a gefen ido. Hoton 1/1000 yana nuna adon doki, jalala da ɗan ƙirji da likkafa, amma wani lokaci sai ya mayar da sukuwa kamar gunki da aka kafa a fili. Don haka ina ba ka shawarar ka koyi hanya ta biyu tare da ta farko. Ka sa ƙyaure a 1/60 ko 1/80 da gangan, ka kafa ƙafafunka, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka kama mahayi tun yana nesa, ka riƙa juyawa da ƙugunka daidai da gudunsa, ka danna kana cikin juyawar, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. Idan ya dace, fuskar mahayi da kan doki za su fito sarai, ƙafafu da jama'ar baya su shafe. Wannan yana yiwuwa ne idan dokin yana gilmawa ta gabanka, ba idan yana tunkaro ka ba. A cikin ashirin wataƙila ɗaya ne zai yi, amma wannan ɗayan shi za ka wanke ka rataya a ɗaki. Wani amfaninsa kuma shi ne ba ya buƙatar haske mai yawa, ke nan gab da Magariba, lokacin da 1/1000 ya fara gagara, shi ne lokacinsa.

Haka kuma ban yarda a ce fuskantar rana kullum kuskure ba ne. Ƙurar da dawakai suka tayar idan rana ta bi ta bayanta takan zama ruwan zinariya, mahayan su fito baƙaƙe da masu a sama, kuma ana gane kunnuwan rawani da gashin jimina na kwalkwalin 'yan lifida ko da babu fuska. Abin da ya faru da hotonka na farko shi ne ka so fuska alhali hasken na inuwa ne.

Sauran maganata ta doki ce. Kafin a saki linzami akwai alamu: mahaya sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, dawakai su fara taka rawa a wuri ɗaya suna tauna linzami, zagage su ja gefe. Da ka ga haka ka ɗaga kyamara, domin idan ka jira sai sun taso ka makara. Mafi kyawun lokaci kuma ba tsakiyar gudu ba ne, ƙarshensa ne, sa'ad da aka ja linzami doki ya zauna a kan ƙafafun baya, ƙura ta wuce su, hannaye suka tashi da jinjina. Idan 'yan bindiga suka matso ka kula, ƙarar takan firgita doki ya yi inda ba a zata ba. Ta cikin gilashi abu yana yi wa mutum kamar yana nesa alhali ya iso, don haka ka bar idonka na hagu a buɗe, kuma kada son kusanci ya fitar da kai daga inda dogarai suka tsayar da jama'a. Idan 55mm ya yi maka gajere, wato bai jawo maka abu kusa sosai ba, gilashi mai 55-200mm na hannu ya fi sabuwar kyamara araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da ya kamata ka tara wa kuɗi.

Tsohon Mai Hoto ya sake amsawa:

Na karɓi gyaranka, ɗana na Damagaram, wanda ya hau ya fi wanda ya kalla sanin abin da ake ji. Mu a zamanin fim ba mu cika yin wannan bin dokin ba, domin babu mai iya ƙona ɗauka ashirin don ya samu ɗaya, amma yanzu da memori ya ɗauke wannan nauyin babu dalilin ƙin gwadawa. Sai dai zan tsaya a kan cewa mai koyo ya fara iya tsayar da doki tukuna, domin akwai abin da ido ba ya gani sai ƙyaure mai sauri ya nuna masa. A 1878 wani mai hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa, kuma hakan yana faruwa ne sa'ad da suka tattaru a ƙarƙashin cikinsa, ba sa'ad da suka miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa ba. Duk wanda ya kama wannan da hannunsa a filin jahi zai san daɗin da nake nufi. Ga mai tambaya kuma, idan ka samu dama ka je Hawan Nasarawa washegari, shi na safe ne, haske ya wadata, ya fi sauƙin koyo.

Sabon Hannu ya dawo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Malama da Yayana na Damagaram, Allah ya saka muku da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne domin na so in gwada kafin in dawo.

Jiya da La'asar na je inda samari suke motsa dawakai a bayan unguwarmu, na gaishe su na gaya musu abin da ya kawo ni, suka ce in yi abina. Na tsaya rana tana bayan kafaɗata ta dama, na sa harafin S da 1/1000 da AF-C da -0.7 kamar yadda Malama ta tsara. Ga biyu na saka, wannan karon kai tsaye daga kwamfuta. A na farko wani kili ne a sukwane, kuma ana ganin ɓurɓushin ƙasar da kofatonsa ya watsa, har zufar da ke wuyansa. ISO ya tsaya a 560. Mahayin farar riga ce a jikinsa, kuma duk ninkinta ya fito. Na biyu gwajin bin doki ne a 1/80. Na ɗauki wajen talatin, biyu ne kawai fuskar ta fito, kuma na gane ina tsayar da juyawar da zarar na danna, abin da aka hana ni. Ƙafafu huɗu a sama kuwa ban samu ba tukuna, a mafi kusa ƙafar baya ɗaya tana taɓa ƙasa.

Malama, maganar yarinyar ta tsaya mini a rai. Ban nemi izinin mahaifinta ba, ban ma san shi ba, don haka na cire hoton daga nan, zan ajiye shi a wurina kawai. Tabon kusurwar hagu kuma ƙura ce, na ɗauki sama a f/22 ya fito a wuri ɗaya, tare da wasu ƙanana uku da ban lura da su ba a da. Na kunna saitin da kyamarar take kakkaɓe sensa da kanta sau biyu, ƙananan sun tafi amma babban yana nan. Robar hura iskar zan nema gobe in Allah ya yarda. Idan na hura bai fita ba, akwai abin da zan iya yi a gida ba tare da na yi ɓarna ba, ko in kai ta wurin mai gyara kawai?